"Inna, ki zamna ki huta"

An haife ni a 1955 a tsakiyar tsohon garin Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Yanzu na taka saba'in. Na fara koyarwa a firamare a 1976, shekarar da aka soma shirin ilimi kyauta na UPE, wadda kuma a cikinta ne aka fitar da Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Na ajiye alli a 2011 bayan na cika shekara 35 ta aikin gwamnati. Labarin da zan bayar na abin da ya biyo bayan ajiye allin ne, kuma ba tsararrakina kaɗai nake so su ji shi ba. Na fi son ya kai kunnen 'ya'yansu, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa.

Mu dai a tasowarmu babu wanda ya taɓa ware lokaci wai don ya motsa jiki. Kafin rana ta ɗaga kin ja ruwa da guga kin cika randuna, kin yi surfe, kin yi bakace, kin share tsakar gida. Da na zama malama ma ƙafa ce motata, ga tsayuwa gaban allo tun safe har a tashi, aji cike maƙil da yara, wannan ya tsokani wancan, sai kin ratsa har ƙarshen aji kin raba. Kada a ɗauka ina kukan a dawo da wancan zamani. Kakata ta rasu bayanta a tanƙware saboda dutsen niƙa da ɗaukar itace, kuma duk macen da ta taɓa daka gero na gidan mutum ashirin ta san injin niƙa rahama ne. Abin da ba mu lura ba kawai, da wahalar ta tafi ta tafi da wani abu da jiki yake buƙata, ba a kuwa sa komai a gurbinsa ba.

Malam, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makoma, ya rasu a 2014. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ana ta shigowa gaisuwa ina zaune kan tabarma. Da na fita, 'ya'ya suka haɗu suka ce ba zan zauna ni kaɗai a tsohon gida ba. Babban ya kwashe ni ya kai ni gidansa a Arkilla. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, kuma har yau bakina bai iya ba.

Gida ne mai kyau, Allah ya ƙara buɗi. Tayil tun daga ƙofa har banɗaki, famfo a cikin ɗaki, na'urar sanyi, ga yarinya mai aiki. Surukata kuwa 'yar mutunci ce, ban taɓa ganin fuskarta a ɗaure ba. To, nan fa abin ya soma. In na ɗauki tsintsiya sai ta rugo ta karɓe. In na miƙe zan zuba ruwa a buta, jika ya riga ni. In na ce zan leƙa maƙwabta barka, sai a ce a jira direba. Magana ɗaya ce a bakin kowa: "Inna, ki zamna ki huta, kin yi naki." Ni ma ta yi mini daɗi a farko, ba zan ɓoye ba. Wace uwa ce ba ta son ganin ranar da za a ce ta huta? Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa da miya da nama, lemon kwalba ba ya yankewa domin duk wanda ya zo gaishe da Inna da shi yake zuwa. Rediyon Rima a gefen kunne, carbi a hannu, daga gado sai kujera, daga kujera sai darduma.

Cikin shekara uku na zama wata daban. Zannuwana suka daina zagaye ni yadda suka saba. Gwiwoyi suka fara ƙara in zan tashi, sai na dafa bango, daga baya sai an kama ni. Wajen 2017 na koma yin salla a kan kujera. Na san addini ya sauƙaƙa, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kishingiɗe, kuma ba na raina sallar kowa. Amma mace da ta shekara hamsin da wani abu tana kai goshinta ƙasa, ranar da ta ga sai dai ta sunkuyar da kai ta yi nuni, ita kaɗai ta san abin da take ji. Kowa ya ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne. Ana aikawa kemis a haɗo mini ƙwayoyin ciwon jiki, in sha, in samu sa'ida ta yini guda.

Jiri ne ya kai ni Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Aka ɗaura mini abin awo a hannu, jini ya haura 170, alhali daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini. Suga kuma ya tsaya a bakin iyaka, bai tsallaka ba amma ya ɗaga ƙafa. Likitan yaro ne, da ƙyar in ya girmi ɗaliban da na koyar a ƙarshen aikina. Ya rubuta magani, sannan ya ajiye biro ya ce, "Mama, ki ba ni labarin yininki, tun daga asuba har ki kwanta." Na buɗe baki, sai na ga labarin bai fi jimla biyu ba. Ɗana da ke tsaye ya amsa da alfahari cewa ai ba a barin Inna ta taɓa komai. Likitan ya dube shi ya ce to wannan ma yana cikin abin da za a yi wa magani.

Ya yi mana bayani a tsanake. Tsokar jiki tana raguwa da kanta in shekaru sun ja, zama kuma yana gaggauta raguwar. Tsokar cinya ita ke tallafar gwiwa, in ta saki sai nauyin jiki duka ya sauka kan gaɓar da ta riga ta fara cinyewa, ga kuma ƙiba ta ƙara mata kaya. Ciwo ya hana ki motsi, rashin motsi ya ƙara ciwo. Ƙwayoyin da nake sha na kashe zafi kuwa, ya ce irinsu in an daɗe ana sha suna ƙwarzar ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma ƙara hawan jinin kansa. Ya hana ni su sai da izini, ya tura ni sashen masu gashi.

Ni da na ji gashi na zaci wuta za a sa mini ko ruwan zafi. Ashe aiki za a ba ni. Wata baiwar Allah ta zaunar da ni kan kujera ta ce in tashi ba tare da na dafa ba. Na kasa. Ta ce to daga nan za mu fara. In zauna in tashi, in zauna in tashi, da farko ina dafawa, daga baya hannu a ƙirji. In kwanta in miƙe ƙafa in ɗaga ta in riƙe kaɗan kafin in sauke. In tsaya da ƙafa ɗaya ina dafe da bango, don jiki ya tuna yadda ake tsayuwa ba tangaɗi. Sai tafiya. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya, har da waɗanda suka wuce 65, su samu aƙalla minti 150 a mako na motsi irin wanda zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma ana iya magana, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, tsofaffi kuma su ƙara da na daidaita tsayuwa kwana uku saboda faɗuwa. Na yi lissafina na malamar firamare: rabin awa ke nan, kwana biyar. Ranar farko minti biyar ma ban kai ba na nemi wurin zama.

Gwiwa ba ta ba ni wahala kamar yadda mutanen gida suka ba ni ba. Zagaya tsakar gida babu wanda ya hana, sai dai jikoki su bi ni suna dariya, babbar cikinsu, kishiyata ke nan, tana cewa wai ina rage tumbi ne don in ƙwace mata miji. Amma ranar da na sa hijabi na nufi ƙofa da ƙafa, ɗana ya tare ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Inna, mi kika biɗa waje wanda ba a kawo miki? Mutane su gan ki kina tahiya ƙasa, ga motoci aje cikin gida, mi za a ce da ni?" Na gane ciwonsa. A garin nan ana auna ɗa da yadda uwarsa take, kuma tsohuwar da aka gani tana taka rana, ba a cewa likita ne ya sa ta, cewa ake 'ya'yanta sun yasar da ita. Ba mugunta ba ce. Ƙauna ce da tsoron bakin duniya suka haɗu.

Abin da na mayar masa da shi daga kakata na ji shi. Ita ce ta fara ba ni labarin 'yan taru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, ba ta aika samari ba. Dattawan mata ta zaɓa, waɗanda suka gama haihuwa, ta naɗa su jaji, ta aza musu malfa. Su ke jagorantar ayarin mata daga garuruwansu, su taka har wurinta, su koyi karatu da waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar. Babu kwalta a lokacin, balle mota. Na ce masa, "Kai da kake alfahari kai ɗan garin Shehu ne, ka taɓa jin an ce Nana ta ce da jajinta su zamna su huta? Tsufansu ne ma ya ba su damar fita." Ya yi shiru. Bai ce ya yarda ba, amma ya matsa daga bakin ƙofa.

Sai dai na fahimci wani abu game da garinmu. Namiji yana iya sa takalmin gudu ya tafi filin wasa na Giginya ya zagaya, a ce ɗan boko ne. Tsohuwa kuwa in tana tafiya ba inda za ta, sai an tambayi lafiyar kanta. Kowane ɗan kabu-kabu sai ya tsaya, mai keke ya yi ta hon, wani ma ya rantse ba zai karɓi kuɗi ba, "Hajiya hau in kai ki don Allah." Don haka sai na sama wa kowace tafiya dalili. Yau dubiya, gobe barkar haihuwa, jibi ta'aziyya, ga Islamiyyar matan unguwa da na koma. Cefanen ganye na karɓe shi daga hannun yarinyar gida, ni ke zuwa in zaɓo zogalena da yakuwata. Zumuncin da mota ta sa na yi wa rowa, domin sai an jira direba, ƙafa ta dawo mini da shi. A Islamiyya na samu wasu mata biyu masu irin matsalata, muka riƙa biya wa juna. In ɗaya ta yi nawa, sauran su tsaya a ƙofarta su yi ta sallama har kunya ta fito da ita. Wannan ya fi kowace shawarar likita tasiri a kaina, domin ranar da gwiwa ta ce kada in fita, sallamarsu ce ke fitar da ni.

Wanda bai san Sakkwato ba zai ce a yi tafiya da yamma. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙasa tana huci har bayan magariba. Lokacinmu shi ne bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, kafin rana ta buɗe ido. Ruwa kuwa ba na jiran ƙishirwa, don an gaya mini jin ƙishirwa yana dusashewa ga tsoho, jiki na iya bushewa mai shi bai sani ba. Da hunturu kuma akasin haka ne, sanyin asuba yana ɗaure gaɓoɓi, ƙura tana shaƙe ƙirji, sai mu bari hantsi ya yi, mu rufe hanci. Da azumi nakan rage, in mayar da ita bayan an sha ruwa.

Abinci ma sai da aka yi ɗan yaƙi, amma surukata ta tsaya mini. Na bar lemon kwalba, in an kawo jikoki su yi bikinsa. Shayi na rage masa suga har bakina ya saba. Na koma tuwon dawa da na gero, wake, kwaɗon zogale da na rama, fura da nono ba suga, ita ma ba cikin ƙwarya ba. Gishiri ne mai wuyar. An ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, wanda yawancinsa gishiri ne, da kanwar da muke jefawa a miya. Aka riƙa ɗebar mini miyata kafin a zuba na sauran gida, a ƙara mini daddawa da albasa da citta. Makonnin farko kamar ina cin magani. Yanzu kuwa abincin biki ne nake jin ya yi mini gishiri.

Ban san ranar da abin ya juya ba, domin a hankali ya zo. Na dai lura na tashi daga kujera ban nemi bango ba. Sai na fara yin nafila a tsaye, in yi ruku'u sosai, sujada in koma kujera. Wata rana da walaha, ni kaɗai a ɗaki, na jawo darduma kusa da gado yadda in na kasa tashi zan dafa, na durƙusa a hankali, gwiwa tana ƙara, na kai goshina ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Tasbihin ma ban san sau nawa na yi ba, hawaye ne kawai. Tashin ya yi wuya, sai da na kama gadon da hannu biyu, amma na tashi. Ban gaya wa kowa ba sai da na maimaita kwanaki, don kada a ce za a hana ni saboda kar in ji ciwo. Har yau akwai ranakun da sanyi ke kama gwiwar in koma kujera, ba na jayayya da ita.

'Ya'ya sun biya mini kujerar Makka da niyyar 2020. Korona ta zo, Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan waje a shekarar da wadda ta biyo. A 2022 aka buɗe, amma aka ce sai wanda bai kai 65 ba, ni kuwa na wuce. Na yi baƙin ciki ƙwarai a lokacin. Sai a 2023 da aka ɗage sharaɗin shekaru muka tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Da na je na ga hikimar jinkirin, domin da a 2017 aka kai ni, a keken guragu zan yi komai. Hajji aikin ƙafa ne. Ɗawafi zagaye bakwai cikin turmutsitsi, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai wanda jimlarsa ta kai kimanin kilomita uku, ga tafiya daga tantunan Mina zuwa wurin jifa da dawowa, cikin zafin da ko mu 'yan Sakkwato sai da muka sara masa. Na yi ɗawafina da sa'ayina da ƙafata, ina tsayawa in sha zamzam in ci gaba. Jifa na je ranar farko, sauran na wakilta, don na ga cunkoson ya fi ƙarfina kuma ban je Makka don in gwada wa kowa ƙarfi ba. A tantinmu akwai matan da na girma da shekara goma waɗanda sai an tura su. Da muka zauna hira, labarinsu ɗaya da nawa: 'ya'ya masu albarka, gida mai tayil, "ki huta". Shekarar da ta biyo, 2024, zafi ya hallaka alhazai fiye da 1,300. Duk mai niyyar kai tsohuwarsa, ya fara sa ta tafiya tun shekara guda kafin tashi, wannan ya fi sabuwar jaka da zai saya mata.

Kada wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa. Ƙwayar hawan jinina ina shanta kullum, kuma ina zuwa awo. Wata maƙwabciyarmu ta ji sauƙi ta daina sha, ta koma ga wani jiƙo da masu lasifika ke tallarsa a bakin kasuwa, wai yana wanke jini. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum na jin garau yana hawa. Yanzu ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, magana da ƙyar. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata kuma santsin tayil ya kwashe ta a banɗaki wajen alwala, ƙashin ƙugu ya karye, ta yi watanni a kwance, kuma ba ta koma yadda take ba. Tun daga nan na sa aka kafa mini ƙarfen dafawa a banɗaki, aka shimfiɗa abin da ba ya santsi, na yar da silifas ɗin da gindinsu ya cinye, fitila kuma tana kunne a hanyar banɗaki duk dare. Masu gina wa iyaye ɗaki, ku bar tayil mai sheƙi a falonku.

Yanzu ina da jajayen awaki a bayan gida, irin namu da fatarsu ta yi suna har ƙasashen Turai, ni ke ba su dusa da harawa in share musu wuri. Na dasa zogale ina ba shi ruwa da hannuna. Kwana biyu a mako ina koya wa matan Islamiyya karatun boko, waɗanda ba su samu shiga aji da ƙuruciya ba, kuma a tsaye nake koyarwa kamar da. An cire mini yanar ido a ido ɗaya, haƙora sun ragu, sunayen jikoki sai na jero uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Tsintsiyar ɗakina dai tana hannuna, surukata ta haƙura.

Shi kuwa mai gidan bai haƙura duka ba. In zan je wurin ƙanwata a Runjin Sambo har yanzu sai ya turo direba. Nakan shiga ba musu, in mun kai shataletale in ce ya sauke ni, in ƙarasa da ƙafa. Direban ya san inuwar da yake fakewa ya jira ni, kuma mun yi da shi ba ya kai rahoto.